Gwaggon da Aka Kashe da Baki

Wayyo Chenesai! Ranar da takardar ofishin jin daɗin jama'a ta iso, tana durƙushe a bayan gida tana cire ciyawa daga kunyar kabejinta. Mai Zhou, matar da ke kula da gidan, ta karanta mata: wai ran Laraba ta bi wata mai tumatir da fartanya, don haka an ba ta kwana bakwai ta tattara kayanta, dangi su mayar da ita ƙauye. Shekara huɗu ke nan tana zaune a wannan gida na unguwar Mucheke, ita da mutum biyar masu ciwon ƙwaƙwalwa irin nata, kowa da ɗakinsa, kowa da ranar girkinsa, magani a kan lokaci. Kafin nan kuwa? Shekara shida ɗaure da sarƙa a gindin bishiya a wurin wani mai addu'a, har gobe tabon na nan a ƙafarta!

"Wa ya kai ƙarar?" ta tambaya.

"Yayanki Tongai. Kansila ma ya buga hatimi."

Hawaye suka zubo mata, amma ta miƙe tsaye ƙyam. "Ba inda za ni, Mai Zhou. Ciwo gare ni, ban kashe kowa ba. Sai dai su fitar da ni a kwance!"

Ashe da sauran kuka a gaba... Kwana uku tsakani mahaifiyarta ta cika, kuma ko aike Tongai bai yi mata ba, a bakin kwandastan mota ta ji. Ta ɗaura baƙin ɗankwali, Mai Zhou ta riƙe hannunta suka tafi. Mata na waƙar coci a tsakar gida, tuwon masara, sadza, na kan wuta, sai ga Tongai ya tare ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa: "Ke, juya. Masu neman auren 'yata suna ciki, na riga na gaya musu kin mutu tuntuni. So kike su ji akwai hauka a jininmu?" Kun ji mugun! Don ya rufe ƙaryarsa yake so a kau da ita daga gari.

"Yaya, uwata ce kwance a ciki," ta ce tana shessheƙa. "Allah na kallonka. Ni dai a nan zan tsaya har a fito da ita."

Haka ta tsaya cikin rana kamar baƙuwa, har aka fito da akwati. A nan ne Mbuya Mandizha ta ɓullo, sahwirar mamaciya, aminiyar da ke da bakin faɗar komai ranar jana'iza ba mai ikon ya ji haushi. Ta saka rigar marigayiya, ta ɗauki sandarta, tana ɗingisa irin tafiyarta, jama'a na dariya da hawaye a ido. Sai ta zauna daram a kan hanyar akwatin, ta ari muryar ƙawarta.

"Ba na tafiya! Ina 'yata? Tongai, ɗan banza mai kan kabewa, ni na mutu ko ita? Ran Laraba wa ya yi mini wanka, ya wanke zannuwana tun safe har la'asar? Chenesai! Da wane hannun ta ɗauki fartanya? Ina kwance ina ji kana kitsa wa mai tumatir abin da za ta faɗa, ka zaci barci nake!"

Dariya ta ɗauke ɗif. Tongai ya buɗe baki, amma wa ya isa ya tsawata wa sahwira? Chenesai ta ratso jama'a, ta dafa akwatin, ta juyo tana kuka ba ta ko share ido.

"Ni ce Chenesai, ban mutu ba! Ina shan magani safe da yamma, ina da ɗaki, ina noman kabeji. Duk mai jin kunyata ya rufe idonsa!"

Kansila, da yake cikin masu ta'aziyya, ya karɓi takardar daga hannun Mai Zhou, ya ce da kansa zai soke ta, Tongai kuma su haɗu a wurin 'yan sanda gobe. Dattijon masu neman aure ya tafa hannu gaban Chenesai cikin ladabi, irin gaisuwarsu ta girmamawa, ya ce su ba sa zancen aure babu gwaggon yarinya.

Ran Lahadi sai ga Tongai a ƙofar ɗakinta, a durƙushe, yana tafa hannu, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Abokan zamanta biyar duk sun fito suna kallo.

"Gwaggon yara, ki taimake ni..."

"Zan zo, saboda yarinyar," ta ce. "Amma surukanka su zo nan su ɗauke ni, su shigo ta ƙofar gaba, su gaisa da kowa. Ka gaya musu nan ne gidana."