Kafin Ruwa Ya Kai Wuyan Alcide

Da tsakar rana teku ta gama janyewa daga mashigin Cobb Harbour, sai ga gawar mutum kwance a kan laka, ƙarƙashin gadar katakon da muke ɗaure jiragen kamun kifi. An naɗe ta da sarƙa daga ƙirji har gwiwa. Rabin kan ya lotse.

Curtis Bledsoe ne, mai kula da rediyon jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, wanda ya yada zango can nesa a wuri mai zurfi tun farkon bazara. Shekara ta biyu ke nan da aka yi ruwan bama-baman nukiliya. Halifax, babban birnin yankinmu, ta zama toka, Boston ta Amurka ma haka muke ji. Muna ba sojojin ruwan nan busasshen kifi da dankali, su ba mu magani da cajin batir. Wai ciniki ne. Amma su ke riƙe da bindigogi, mu kuwa wuƙaƙen fiɗar kifi.

Kafin Sufeto Delbert Comeau ya iso tare da Saja Noreen Tupper, sojojin sun gama shari'arsu. Sun ga sarƙar daga jirgin tsoho Alcide Theriault aka ciro ta, suka jawo shi daga gida, suka fasa masa baki da gindin bindiga, suka sauko da shi cikin laka suka ɗaure a jikin turken gadar, taku kaɗan daga gawar.

"Kwance shi," in ji Sufeto.

Kyaftin Harlan Voss, shugaban jirgin, bai ko waiwayo ba. "A ruwa ya jefa yarona, shi ma ruwa zai ci shi. In kana da wani mai laifin, kawo shi kafin teku ta dawo."

"Nan ƙasata ce, Kyaftin. Da doka a nan."

"Ina gwamnatin da ta ba ka hular nan? Ta ƙone, Sufeto."

Wani soja ya danna wa Comeau bakin bindiga a ciki har sai da ya duƙa. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya kalli can bakin mashigi. Farin layin ruwa ya riga ya juyo.

Ya sauka tsani, ya tsuguna gaban gawar. Noreen ta juya kan mamacin, jini da laka suka zubo daga kunne.

"Da ƙarfe aka yi wannan," ta ce. "An yi ta bugu, ba sau ɗaya ba."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi gadar, can sama kamar rufin coci. "Noreen, in kina son ɓoye gawa, nan za ki jefa ta?"

"Sai in na haukace. Wa zai ɓoye abu a inda yara ke tsintar ƙugiya kullum da rana?"

"To Alcide fa?"

"Alcide a kan lakar nan ya koyi tafiya, Yallaɓai."

Duk wanda aka haifa a nan gaɓar tekun Fundy ya san ruwan da ke lasar katakon gada da asuba, kafin azahar ya gudu ya bar ƙasa tsirara. Wanda ya yi aikin nan ya leƙa ne ya ga baƙin ruwa, ya ɗauka zurfin nan na har abada ne.

Sufeto ya bi sarƙar da yatsa. Ba a ƙulle ta da igiya ba. An haɗa bakinta da siririyar wayar ƙarfe, an murɗe ta tsaf, murɗi a kan murɗi, ragowar jini a maƙale tsakanin murɗin. Masuncinmu ba ya ɗaure komai haka. Ya karya guntun ya sa a aljihu.

Ya taka zuwa wurin Alcide. Tsohon yana tofar da jini, haƙoransa biyu na gaba babu.

"Baba Alcide, ka haɗu da Bledsoe jiya?"

"Ban ko gan shi ba."

"Nuna min hannun damanka."

Bayan yatsun a kumbure suke, fata ta saɓe.

"Kai tsoho, ruwa na tahowa kana yi min ƙarya?"

Alcide ya sunkuyar da kai. "Na naushe shi. Sau ɗaya, a bayan ɗakin ajiyar kifi, ana cikin cin abinci. Ya sha giyar dankalin nan ya yi tatul. Na roƙe shi ya tambayar min labarin Colette, 'yata, da take aikin jinya a Boston. Ai sojojin suna ta cewa rediyonsu na jin garuruwan gida. Sai ya kwashe da dariya. Ya ce, 'Baba, wace Boston? Tun ranar da muka harba namu bama-baman, ko kukan kare ban ji a rediyon nan ba. Duk ni nake ƙirƙira.' Sai na ji hannuna ya tafi."

"Wa ya ji wannan maganar?"

"Akwai wani tsaye yana fitsari a jikin katanga. Soja ne. Hazo bai bar ni na ga fuskarsa ba."

Ruwan farko ya zagayo takalmansu, sanyi kamar ƙanƙara. Alcide ya kalle shi, ya kalli Sufeto.

A saman gada Comeau ya tari Kyaftin.

"Su wa suka fara taka ƙasa jiya cikin mutanenka?"

"Me ya dame ka da wannan?"

"Masu kawo kwalekwale sun daɗe suna zuwa, sun san halin ruwanmu. Ina tambayar waɗanda ba su taɓa gani ba."

"'Yan ɗakin inji uku. Tun da aka fara yaƙi ba su ga rana ba, na ba su hutu. Da yamma suka iso, suka kwana a ɗakin kifinku."

"Da yamma, ruwa na cike."

"To sai me?"

"Rediyonku na jin gida, Kyaftin?"

"Kowane mako."

"Bledsoe ya ce ƙarya ce."

Sai a lokacin Voss ya dubi Sufeto sosai. Ya matso har numfashinsa na dukan fuskar Comeau, ya yi ƙasa da murya. "Mutanen da ke cikin jirgin can, abin da ya hana su yanka juna shi ne suna zaton akwai mai jiransu. Ka faɗi maganar nan a gabansu, ni da kaina zan harbe ka."

"Ashe ka fi son tsohon ya nutse."

"Tsoho ɗaya ne."

Na tsani mutumin nan har yau, amma ba zan ce matsoraci ba ne. Abin da ya faɗa, ya yarda da shi har zuci.

Comeau ya leƙa ƙasa. Ruwa ya kai wa Alcide cinya, gawar ta riga ta ɓace. Matan gari sun taru a bakin gaɓa suna kuka, sojoji sun tare su. Wani matashin masunci ya yi yunƙurin sauka, suka karya masa hannu a jikin dogarin gadar, ƙarar ƙashin ta kai har inda Sufeto yake.

Ya ce wa Noreen, "Kawo min su ukun nan. Nan, gaban kowa."

Ta zo da su, fararen fat kamar cikin kifi, suna ƙifta ido don hasken rana. Biyu na hamma. Na ukun, dogo mai suna Wendell Strom, idonsa na kan lakar da ta rage, kamar wanda ya ga fatalwa.

"Ku miƙo hannuwa," in ji Sufeto.

Biyun suka miƙa, baƙin mai ne kawai a farce. Strom ya tsaya da nasa cikin aljihu.

"Kai dogo, kunnenka ya toshe ne?"

Ya fito da su. Yatsun a naɗe da tsumma. Noreen ta fizge, sai ga yanka sirara a jere, sabbi, suna tsatsar jini.

"Me ya yanka ka?"

"Gwangwani na buɗe jiya."

Noreen ta yi tsaki. "Gwangwanin ƙarshe a garin nan, tun hunturun farko muka cinye shi. Kifi da dankali kuka ci jiya, ni na raba."

"A jirgi na buɗe."

"Ƙarya yake," in ji ɗaya daga abokan aikinsa, a hankali. "Hannunsa lafiya muka sauko."

Sufeto ya fito da guntun wayar. "Wa ke irin wannan murɗin?"

Abokin aikin ya ce, "Mu ne. Haka muke ɗaure kusoshin inji kada su kwance. Amma da filaya ake yi. Da hannu sai ta yanka mutum."

"Daga ina kake, Strom?"

"Nebraska."

"Akwai teku a can?"

"Masara ce kawai."

Noreen ta caje aljihunsa. Ta zaro nannaɗaɗɗiyar waya, da wani ɗan doki da aka murɗa da ita, ƙafa uku an gama, ta huɗu ba a ƙarasa ba.

"Na wa ne wannan?"

Strom ya ce, "Na June. 'Yata."

"Ya isa," in ji Kyaftin. Hannunsa ya kai kan bindigar ƙugunsa.

Sufeto ya shiga tsakaninsu, ya juya wa bindigar baya. Ya kama wuyan rigar Strom ya ja shi bakin gada, ya tanƙwasa kansa ƙasa. Ruwa ya kai ƙirjin Alcide, tsohon ya ɗage haɓa yana haki.

"Dube shi da kyau. Shi ma 'yarsa ya tambaya. Kai ne a jikin katanga jiya. Za ka tsaya ka kalli ya mutu a madadinka?"

Strom ya fashe da kuka irin na babban mutum, mai munin ji.

"Ni ne. Ni na kashe shi!" Ya juyo wajen 'yan uwansa sojoji. "Bledsoe ya ce min Omaha, garinmu, ta yi magana. Ya ce an kwashe yara zuwa sansani, suna da rai. Ina ta yi wa June dawakai, akwatina ya cika. Jiya na ji shi da kunnena yana dariya, wai ko kukan kare bai taɓa ji ba. Da asuba na same shi a kan gada yana amai, na ce ya maimaita. Ya ce in tambayi Kyaftin, shi ya ba da umarni. Sifana na cikin aljihuna. Na buga, na buga, ban san lokacin da na daina ba. Na ga ruwa cike, na ce shi ke nan, ba mai ƙara ganinsa."

Ruwa na ta dukan turakun gadar.

Wani soja mai furfura ya ce, "Kyaftin, gaskiya ne? Har garinmu Norfolk ma?"

Voss ya zaro bindiga. Bai kai ga ɗagawa ba, wanda ke bayansa ya sauke masa gindin tasa a ƙeya. Ya faɗi da baki, suka rufe shi da duka da takalmi, mutanen da suka sara masa da safe. Harsashi ya tashi ya fasa katako kusa da ƙafar Noreen.

Comeau bai tsaya kallo ba. Ya ciji wuƙar fiɗar kifi ya faɗa ruwa. Sanyin ya ɗauke masa numfashi. Ya nutsa ya laluba igiya, ya yanka, har ya yanki hannunsa, ya sake yankawa. Da ya taso da Alcide, ruwa ya riga ya shiga bakin tsohon. Masunta suka ja su sama, suka danna masa ciki har ya amayar da ruwan gishiri da jini.

Noreen ta sa wa Strom ankwa. Babu sojan da ya hana. Wasu sun zauna dirshan a kan katako, bindigogi a gefe, suna kallon kudu, wajen ƙasarsu.

Za a wuce da Strom, Alcide ya ɗaga hannu daga cikin bargo. Sufeto ya matso kusa don kada tsohon ya kai duka.

"Shekararta nawa?" in ji Alcide.

"Da ta cika bakwai," in ji Strom.

"Tawa ma tana son dawakai tana ƙarama."

Ya tsinci ɗan dokin da ya faɗi a kan katako, ya cusa shi cikin aljihun rigar Strom, tunda hannayensa na ɗaure a baya. Noreen ta tasa ƙeyarsa suka hau tudu zuwa ofishin 'yan sanda.