Wadda Ta Amsa Kiran Kandala

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Yaya Nusaiba ta kife wayarta a kan tabarma, ta dubi 'yan matan kawunta su uku.

"Ku matso, ku rage murya. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wadda ta yi mini dariya."

Akwai wata nas, sunanta Barira, a wani ƙaramin asibiti can bayan gari. Hannunta da sauƙi, ba ta neman jijiya sau biyu. Aibinta ɗaya, waya. Suna da wani guruf na ma'aikatan jinya, kusan mutum ɗari biyu, ba mai amfani da sunan yanka. Akwai Allura Ba Zafi. Akwai Shayin Asuba. Akwai wani namiji, Ungozoman Dole. Barira kuwa ita ce Kandala.

Wata Alhamis aka ce kowa ya faɗi inda ya samo laƙabinsa. Allura Ba Zafi ta ce mahaifinta ne ya laƙaba mata shekarar da ta yi jinyarsa, har ya rasu bai taɓa cewa wash ba. Ungozoman Dole ya ba da labarin haihuwar da ya karɓa a bayan a-kori-kura, aka yi ta dariya.

"Saura Kandala," in ji Shayin Asuba. "Ke wannan sunan kakannin fa, a wane ƙauye kika tsinto shi?"

Barira ta rubuta, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. Daga ƙarshe ta ce sunan wasa ne kawai, ta kashe data.

Ga abin da ta ɓoye. Wata takwas kafin nan an kwantar da wata tsohuwa, Iya Hansai, a gado na tara, jikin taga. Ba ɗa, ba jika, ba mai jinya. Daren da jikinta ya yi tsanani Barira ce a bakin aiki, da iyafis a kunne tana sauraron hirar guruf. Tsohuwar ta juya fuska wajen taga.

"Kandala."

Shiru.

"Kandala."

Don kada ta tayar da sauran marasa lafiya, Barira ta matsa ta ce, "Na'am Iya, ga ni." Tsohuwar ta riƙe hannunta, ta sauke numfashi, ta shiga magana ƙasa-ƙasa. Ta daɗe tana yi. Barira na gyaɗa kai, tana "to, to", hankalinta na can cikin waya. Kafin asuba Iya Hansai ta cika. Da safe Barira ta ba abokan aiki labari har da kwaikwayon muryar. Suka fara kiranta da sunan, ita ma ta sa shi a waya.

To, daren wannan Alhamis ɗin tana duti. Ledar ƙarin ruwa ta ƙare a sashen mata, dole ta je ɗakin magani. Hanya biyu ce: ta baranda mai fitila, ko ta bayan ɗakin wanki, ƙarƙashin darbejiya, wadda ta fi kusa. An ɗauke ruwan sama ke nan. Ta bi ta baya.

Kwaɗi na ta kuka. Tana shiga inuwar bishiyoyin suka yi tsit, gaba ɗaya.

Wata gajeriyar mata na tsaye a tsakiyar hanya, da baƙin zane, ta rufe kai.

"Sannu Sista."

Matar na gabanta. Muryar kuwa daga bayan kunnenta ta fito.

"Yauwa Baba. Ai lokacin ziyara ya wuce."

"Kirana aka yi."

"Wa ya kira ki?"

"Kullum ana kira. Safe, rana, dare. In taso in zo, in tarar da wata a gado na tara."

Barira ta sauke hasken wayarta ƙasa. Takalmanta duk caɓi. Ƙafafun matar a bushe suke, fes, kuma tsakaninsu da ƙasa akwai tazarar yatsa ɗaya.

Ta so ta yi addu'a, ta kasa.

"Ni ce mai sunan," in ji matar. "Shekara saba'in da ɗaya muna tare da Hansai, tun tana ɗiban ruwa a rafi. Alkawarinmu kira uku ne. Ba na fitowa sai a na uku. Ran nan na ji na ɗaya. Na ji na biyu, na miƙe tsaye. Ina ta jira."

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Ban zo faɗa ba. Abin da ta gaya miki nawa ne. Ba ni."

Ta haɗa tafukan hannunta biyu ta miƙo, kamar mai karɓar hatsi.

Ƙarya ta zo wa Barira har bakin leɓe. Ta ce ki yafe mata. Ta ce tana gaishe ki. Ai duk mai barin duniya abin da yake faɗa ke nan, wa zai ƙaryata ta? In ta faɗa, ta wuce, ta tsira. Sai ta kalli hannuwan nan.

"Ban ji ba," ta ce. "Tana magana ina sauraron waya. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba."

Hannuwan suka daɗe a miƙe. Ruwa na ɗiga daga ganye, yana ratsa su ya wuce ƙasa. A hankali matar ta sauke su.

"Da kin yi mini ƙarya, da ban gane ba. Da na tafi da ita ina murna."

Barira ta durƙusa cikin caɓi tana kuka.

"Kin ɗauki nawa," in ji muryar, dab da kunnenta. "Zan riƙe naki, har ranar da kika tuna."

Kwaɗi suka ci gaba da kuka. Ba kowa a hanyar.

A daren ta goge sunan daga guruf, ta bar wurin ba komai. Ta daina shiga ɗakin marasa lafiya da waya. Kunnenta garau yake, likita ya duba ya sake dubawa. Tana jin ɗigar ƙarin ruwa, tana jin nishin mara lafiya daga ƙarshen ɗaki, ta je ta zauna ta saurare shi har ya gama. Abu ɗaya ne ba ya shiga kunnenta: sunanta, Barira. A asibiti ba a lura ba, kowa Sista yake ce mata. A gida ne abin ya fito. Mahaifiyarta za ta kira daga madafa, ta sake kira, sai ta taso da ciwon gwiwarta ta dafa kafaɗarta.

"Tun da kika zama Sista kika daina amsa ni."

Barira sai ta sunkuyar da kai.

Yaya Nusaiba ta ɗauki wayarta daga kan tabarma. Ƙaramar cikinsu, Raliya, ta ce da raɗa, "Yaya, ta tuna?"

"Har yau tana ƙoƙari. Saboda haka in dare ya same ku a asibiti, ku bi ta baranda komai nisanta. Bayan ɗakin wanki ba a binsa mutum ɗaya. In kuma kuka ji mara lafiya na kiran wani, kada ku amsa a madadinsa. Ku bar shi ya kai na uku."