Muryar Fibi a Rikodar Madam Edna

Da hantsi Madam Edna ta shigo caji ofis na Jimeta, ta tarar da Insfekta Manasseh yana shan shayi shi kaɗai, yadda ya saba tun da iyalinsa suka koma Numan.

Aikin Edna shi ne bai wa ƙungiyoyin agaji shawara. Yau tana wannan gari gobe wancan, babu wanda ya san ta kamar masu otal. Wata gidauniya ce ta turo ta duba ko za a ci gaba da tallafa wa cibiyar 'yan gudun hijira a Vinikilang.

"Me aka sace?" in ji Manasseh.

"Rikoda, daga ofishin cibiyar. Hirata da matan wurin duk tana ciki. Na yi musu alkawari ba wanda zai ji, in na gama rahoto zan goge. In ta fita, aikina ya ƙare."

"Kwamfuta fa?"

"Tana kan tebur, ba a taɓa ba."

Manasseh ya ajiye kofi. Ɓarawon da zai tsallake kwamfuta ya ɗauki abu kamar ashana, ko dai wawa ne ko ba sayarwa zai yi ba.

Maigadin cibiyar, Baba Absalom, dattijo ne da rikici ya koro daga Michika.

"Ka ga wani ya shiga?" Manasseh ya tambaye shi.

"Ban ga kowa ba, Yallaɓai. Ko rikodar ma ban san ta ba."

A shagon bakin titi, mai shagon Nnamdi ya yi dariya. "Oga, Baba ya sayi ƙaramin batir jiya, yau ma ya dawo. Mutum ko rediyo babu!"

Maƙwabciyar Absalom kuwa ba ta jira tambaya ba. "Abin kunya! Matarsa Fibi ko wata ba ta yi da rasuwa ba, har ya kawo mace ɗaki. Kullum muna jin su."

Da la'asar Manasseh ya zo da Edna, ya ɗaga labulen ɗakin. Ba mace. Absalom ne zaune a tabarma, ya dafa shayi kofi biyu, rikoda na gabansa tana magana da yaren Michika, har da dariya.

Edna ta dafe baki. "Fibi ce. Na yi hira da ita."

"Ni na ɗauka," in ji Absalom. "Na ji kin ce za ki goge. Ko hotonta ba ni da shi, duk sun ƙone a gida."

Tausayi ya kama Manasseh, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na janye ƙara," Edna ta ce a hankali. "A ba ni kayana kawai."

"Sai ki goge?"

"Dole ne, Baba. Ita ma na yi mata alkawarin."

Absalom ya juya wajen insfekta. "In aka je kotu, za a kunna wa alƙali?"

"Mai yiwuwa."

Dattijon ya miƙe, ya saka takalmansa, ya miƙa hannuwa biyu.

"To kar ku sasanta mu, Yallaɓai. Kai ni."

Manasseh bai sa masa ankwa ba. Ya buɗe masa ƙofar gaba ta motar, suka tafi.