Ƙusa a Jikin Tsamiya

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman wurin kwana, Rumaisa tana tankaɗen garin tuwo a tsakar gida. Ubanta Uwaisu na zaune a bakin rumbu, ya kusa manna waya a idonsa na dama, don na hagun hakiya ta cinye shi tun yana yaro.

Bidiyo ɗaya yake kallo, wata biyu ke nan. Matarsa Hajo ta rasu a Makka bayan Arfa, can aka binne ta. Wata alhajiya ce ta ɗora bidiyon a intanet: ga bayan Hajo cikin mata, an kira sunanta, ta fara juyowa. Daidai nan hoton ke daskarewa, ɗan zoben nan ya hau juyi a tsakiyar waya. A ƙauyensu Gubuchi sabis sai an yi dace.

Ya riga ya je Makarfi wurin Ja'afar mai gyaran waya. Kunya ta hana shi faɗin abin da yake son gani, ina dattijo ina cewa yana begen matarsa? Ya ce dai wayar na tsayawa. Ja'afar ya share mata tarkace, ya ce a rage kyan hoto. Da aka rage, fuskoki suka dame kamar kunu. Sai Ja'afar ya haɗa shi da ɗan akwatin jawo sabis, ya ce a rataye shi wuri mai tudu.

Babu abin da ya kai tsamiyar bayan gida tsawo. Kowa ya san ba a taɓa tsamiya da almuru, shi ma ya sani, amma zuciya ta ci shi. Ya hau, ya kafa ƙusa, ko bisimilla babu, ya doka sau uku.

Kafin ya sauko dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa randa. Na uku ya tsaga masa goshi, jini ya rufe masa fuska. Rumaisa ta buɗe baki ta ce, "Baba, mene n..." Ta tsaya nan, rariya a hannu, baki buɗe, ƙwayar idonta na zagayawa a hankali kamar zoben wayar.

Kwana uku, duk magariba haka. Ta daskare, sannan ta zabura ta riƙa buga kanta da bango, tana kai farce idonta. Ƙarti huɗu ta watsar, ta karya wa ɗaya hannu. Uwaisu ya ɗaure hannuwan 'yarsa da rawaninsa yana kuka, ita kaɗai ta rage masa.

Ran na huɗu aka ɗauko Malam Ashafa daga Hunkuyi, tsoho marar yawan magana. Ya zauna bayan la'asar, ya turara habbatussauda, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Da rana ta faɗi, Rumaisa ta gantsare har ƙashin bayanta ya yi ƙara, wata murya ta tsohuwa ta fito daga bakinta, tana yankewa.

"Ɗana... na leƙe... ta kogon. Ya soka... masa ƙarfe... a ido."

"Bai sani ba," in ji Malam. "Za a zare ƙusar, a ba ki haƙuri. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ido... da ido. Na 'yarsa."

"Yarinyar ba ta riƙe guduma ba. Zalunci ne, kin kuwa san abin da zan karanta."

Malam ya ci gaba da karatu. Ta yi ƙara, ta tsinke rawanin, farcenta ya kafe a ƙasan idon Rumaisa, jini ya tsirto. Uwaisu ya faɗa kanta ya danne hannun.

"Ni na doka. Ɗauki nawa."

"Uwaisu, kada ka yi ciniki da ita," Malam ya ce.

Muryar ta yi dariya, wannan karon ba ta yanke ba. "Ba na karɓar mai hakiya."

Uwaisu ya gane. Ya dubi wayar da ke yashe a tabarma, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya dubi fuskar 'yarsa. Ya ɗauki guduma ya fita, Malam na kiransa bai waiwaya ba. Ya hau tsamiyar, ya yi bisimilla, ya saƙale kan ƙusar ya fizga. Ta fito da ƙarfin da ba nasa ba, ta shige idonsa na dama. A cikin gida Rumaisa ta yi atishawa sau uku, ta ce, "...ne haka?"

Bayan ya dawo daga asibitin Zariya, Rumaisa ta kai wayar Makarfi ta faɗa wa Ja'afar gaskiya. Ya riƙe baki. Ya ce da an gaya masa bidiyo ɗaya ne, ai sauke shi kawai za a yi. Ko minti biyu bai ɗauka ba.

Ta kunna a bakin rumbu. Bidiyon ya tafi sumul. Uwaisu ya ji an kira sunan.

"Ta juyo?"

"Ta juyo, Baba."

"Yaya take?"

"Dariya take yi."

Ya miƙa hannu, ta ɗora masa wayar. Ya shafa gilashin da yatsa, ya ce, "Maido shi baya."