Daƙiƙa Talatin a Kan Faranti

Tana turo ƙofar ɗakin gwaji ta ga Malam Shiru yana ɓanɓare takardun jikin kwalabenta, Mai Turare na tsaye kusa da shi riƙe da ambulan, sai fari take yi da ido.

Ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Mai Agogo ake ce mata a sashen, don aikinta ke nan: ta yi wa ɓera allura, ta ɗora shi kan faranti mai ɗumi, ta ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya lashi ƙafarsa. Maganin da ake gwadawa yana ƙarfafa jijiyoyin da ke danne saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi kuwa Malam Shiru, mai kula da ɗakin, shi zuciyarta ta zaɓa.

Makon jiya Yayanta ya tare shi a ƙofar gida, ya ce ƙanwarsa ta fi ƙarfin mai sharar kashin ɓera. Malam Shiru ya ce "to" kawai, ya juya. Tun ranar bai kira ba, bai rage murmushi ba. Wannan "to" ɗin ta fi korar ci mata rai. Ga Mai Turare, abokiyar karatunta, kullum tana raɗa mata cewa wanda bai ji ciwo ba dama bai so ba.

"Aikin nawa ma za ka lalata mata ta wuce ni?" ta tambaye shi.

Ya ce umarnin Farfesa ne: mai ƙirga bai kamata ya san wace kwalba ce magani, wace ce ruwan gishiri ba, kada son zuciya ya taɓa agogo. Amsar tana cikin ambulan, Mai Turare aike kawai aka yi mata.

Ta taɓe baki. Ai maƙaryaci ba ya rasa shaida.

Cikin fushi ta ɗora ɓeran da aka yi wa allura, ta danna agogo, amma idonta na kan fuskarsa tana neman alamar rashin gaskiya. Ɓeran ya zauna abinsa kamar kan tabarma.

Sai ganin hannunsa ta yi ya sure shi.

"Daƙiƙa talatin ta wuce, ita ce iyaka," ya ce a hankali. "Ke kika koya min... Rashin ɗaga ƙafa ba ya hana ta ƙonewa."

Ta juya tafin ɓeran, ya yi ja. Kunya ta kama ta. Da ta ɗago, sai ta lura da sabon hujin da ya yi wa madaurin agogon hannunsa, don ya rame, tsohon ya yi masa yawa.

"Ranar da Yaya ya kore ka..." ta ce. "Daƙiƙa nawa ka yi a kan farantin?"

"Ban sauka ba tukuna, ranki ya daɗe."

Mai Turare ta ajiye ambulan ta sulale, ƙamshinta ya bi bayanta.

A gabansa ta kira Baba, ta faɗa masa komai, har da maganar kashin ɓera. Baba ya ce da ransa da lafiyarsa babu wanda ya naɗa Yaya waliyyi. A turo manya ranar Asabar.

Ta kashe waya, ta danna agogon da tun ɗazu yake ta gudu a hannunta.

"Sauko, masoyina," ta ce. "Na makara, amma na zo."