Haƙoran Roban Baba

A kan kujera ta bakwai suka fara haɗuwa, kuma da faɗa. Ita ce shugabar ajin ƙarshe a makarantar likitocin haƙori, ita ke raba kujerun duba majinyata goma sha biyu ga ɗalibai arba'in, har 'yan aji suka laƙaba mata Hukuma. Shi kuwa Dogo maimaita aji yake yi, don bara jinyar mahaifiyarsa ta cinye masa shekara. Ran nan ta tarar ya zaunar da majinyacinsa a lokacin wata ɗaliba.

"Malam, tashe shi. Sunanka sai Laraba."

"Ke wa ya naɗa ki sarauniyar kujeru?"

"Waɗanda suka zo makaranta kana gida."

Maganar ta yi masa ciwo, ita ma ta sani. Wata uku ba gaisuwa, sai saƙo. Ya rubuto: "Hukuma, a taimaka a rage mulki." Ta mayar: "A taimaka a koyi karanta jadawali." Abin haushin, sai ta kama kanta tana karanta rashin kunyarsa sau biyu tana murmushi. Kafin su farga so ya shiga, faɗan kuma bai fita ba.

Da ta yi wa Baba, mahaifinta, zancensa, tsohon ko ɗagowa bai yi ba.

"Mai maimaita aji? Kar na sake jin sunansa a gidan nan."

Sai ga babbar matsala. Dokar makaranta ce, ba mai zama jarrabawar ƙarshe sai ya yi wa majinyaci cikakkun haƙoran roba, malami ya sa hannu. Saura sati uku a rufe, majinyacin Dogo ya ɓace. Wanda ya rasa jarrabawar sau biyu kuwa kora ce.

Ya tare ta a ɗakin gwaji, hannunsa duk farin garin da ake yin samfurin haƙori da shi.

"Ki sa ni gaba a layin ɗaliban da ke jiran majinyaci."

"Mutum shida ne a gabanka. Wa zan cire?"

"Ashe mulkinki ya fi ni."

"In na tsallakar da kai, gobe da wane ido zan kalli shidan?"

"To ki auri jadawalin."

Ta shiga banɗaki ta sha kukanta, ta wanke fuska. Layi dai ba za ta taɓa ba, amma doka ta yarda ɗalibi ya kawo nasa majinyacin. Ga Baba a gida, shekara huɗu ba haƙori ko ɗaya, ya ƙi asibiti ƙememe. Kwana biyu tana roƙo kafin ya ce zai je, don ya ga ƙarshen yaron da idonsa.

Ta tura saƙo: "Na samo maka majinyaci. Ba ya ƙaunarka ko kaɗan. Kar ka makara."

Wallahi Baba ya gasa shi. A wurin awon dasashi ya cije masa yatsa, ya ce kuskure ne, alhali ba haƙorin cizon. Ranar gwaji ya tofar da haƙoran a tire.

"Wannan na doki ka yi wa?"

Dogo ya haɗiye fushinsa, ya gyara, ya sake gyarawa. Ana gobe rufewa malami ya duba ya sa hannu. Baba ya ce wa 'yarsa, "Ya sami abin da yake so. Ba za ki ƙara ganin ƙeyarsa ba."

Ran Asabar aka yi sallama. Dogo ne, da 'yar jakar kayan aiki.

"Baba, na ga kuna taunawa da gefe ɗaya. Na hagun yana gurzar ku, ko?"

"Ba an sa maka hannu ba?"

"An sa. Amma ku ne za ku ci abinci da su, ba malam ba."

Baba ya zare haƙoran ya miƙa masa. Da aka gama ya sa aka kawo nama, ya tauna a hankali, idonsa ya ciko.

"Ka turo manyanka. Amma ka sani, faɗa gare ta."

"Na ɗanɗana, Baba."

Bayan fitowar sakamako aka ɗaura aure. Da safiyar ranar ya rubuto mata: "Hukumar zuciyata, yau sai yadda kika ce." Ta mayar: "Dama can, Dogona."

Baba ya haɗa hannuwansu a gaban dangi, kowace kalma tana fita tar.

"Kai ka san haƙuri, ke kin san gaskiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'ar da za ta ji ƙanku yadda kuka ji nawa."