Wajen Kaka

"Ƙarya kike yi, Tasalla!"

Kwandon geron da ke kaina ya kife a ƙasa.

"Wallahi jiya aka ɗaura auren Labaran a Doguwa," in ji 'yar baffana, ba ta ko iya kallona. "Kwana uku ya yi yana jiran ki, Safara'u."

"Jira na? A ina?"

Ta durƙusa tana tsince geron da ya zube.

Shekarar 1998 ce na bar Badafi na je Tiga taya matar Yaya Gwadabe jego. Yaya ma'aikacin ruwa ne, kuma wani abokin aikinsa ya bar masa na'urar wasan talabijin. Ni kam raina abin na yi, har ranar da abokinsa Malam Labaran, malamin firamare, ya zo da littafin rubutu.

Wasan na wani birni ne da ruwa ya cinye. A ƙofar yamma akwai sarauniya da ta zama dutse, babu wanda ya faɗi dalili. Sai dai ka tsinci labarin guntu-guntu a bakin tsofaffi da jikin bango. Labaran yana fassara Turancin, ni ina rubutawa.

"Mayya ce ta yi mata asiri," ya ce.

"Kai dai! Mijinta ne ya yaudare ta. Halinku ne ai."

"To ƙasusuwan jarumin nan da muka gani a ƙofar gabas fa, abar ƙaunata?"

"Wa ya sani? Wani wawan ne."

Ya yi dariya har alƙalami ya faɗi. Tun ranar na san na kamu, kuma ban nemi magani ba.

Da maganar ta kai kunnen Baba, sai ya murtuke.

"Namiji da gemunsa yana wasan yara? Ba dai 'yata ba!"

Aka mayar da ni Badafi, damina na tsaka. Bayan mako biyu Tasalla ta kawo mini littafinmu, wai an yi wa Labaran canjin makaranta zuwa Doguwa. A shafin ƙarshe, da manyan baƙaƙen nan nasa na allo, ya rubuta:

MU HAƊU WAJEN KAKA. KADA KI MAKARA.

Na rungume littafin ina kuka. Wajen kaka! Watanni uku ne kawai. Kullum sai na zagaya gona na duba kan gero, kamar kallona ne zai nuna shi. Har rasuwar Kakata ta Ɗansoshiya da ta faɗo a tsakani ba ta sa na daina ƙirga kwanaki ba.

Ga kaka ta yi, ga gero a ƙasa, ga Tasalla a gabana.

"Na ce a ina ya jira ni?"

"Wajen Kaka... Kakarmu ta Ɗansoshiya."

Na zauna a kan zangarniya.

"Ya san ita kaɗai ce Baffa ba ya yi wa musu," ta ci gaba tana hawaye. "Ya je ya roƙe ta, ta ce sai ta ji daga bakinki. Ya ce in gaya miki ranar Juma'a ce. Ni kuma..."

"Kin haɗiye saƙon."

"Na ce masa kin karanta, kin ce ba ki da ta cewa. Ina son sa, Yaya Safara'u! Amma ko kallona bai yi ba."

Na so in mare ta, hannuna ya ƙi. Wa zan mara? Ita da ta ɓoye rana ɗaya, ko ni da na yi wata uku da takarda a ƙirji ban sake karanta ta da kyau ba? Kakata ta mutu tana zaton raina ta na yi. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na shiga ɗaki na buɗe littafin. Shafin da muka bari fari yana nan, da tambayarsa a sama: Me ya mayar da sarauniya dutse?

Sai a lokacin na gane ƙasusuwan ƙofar gabas.

Na ɗauki alƙalami na rubuta:

"Ba mayya ba ce, masoyina, kuma mijinta bai yaudare ta ba. Ya zo. Ita ce ta tsaya a ƙofar da ba ita ba."